Takardar Da Na Sa A Hula

Ku 'ya'yana kun daɗe kuna yi mini dariya a kan takarda. Na sani, kunnena ne ya tsufa, idona yana nan. Idan na dawo daga baƙala, kantin unguwa, da rasidin burodi na ce sai an karanta mini shi daga sama har ƙasa, Habibu yakan kalli Zainabu, Zainabu ta kalli rufin ɗaki, sannan ɗayanku ya karanta da muryar mai labarai a talabijin: burodi ɗaya, madara ɗaya, mun gode da ziyara. Ni kuma in ce madalla, in ninke in adana. Kun naɗa ni Shugaban Takardu a bayan idona, kuna zaton ban ji ba. Na ji, na kuma karɓi muƙamin, don tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa ba ni wani ba. To yau Shugaban Takardu zai rubuta tasa. Ajina uku a firamaren Gumel, na ukun ma rabinsa a gona na yi shi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Ummarku, Amna, ta hana ni faɗin wannan magana muddin tana da rai. Wata bakwai ke nan da muka kai ta makwancinta. Alkawarin ya sauka daga wuyana, nauyin ne bai sauka ba.

Abin da kuka tashi da shi shi ne Kawu Usmanu, ƙanen Ummarku, wanda kuke ce wa Khalu, teku ta ci shi a shekarar da aka yaye Zainabu, ni kuma na bar aiki a shekarar saboda ciwon baya. Na farkon gaskiya ne. Bayana kuwa lafiyarsa ƙalau a lokacin, yanzu ne ya fara cika sharrin da aka yi masa.

Ni farrash ne, wato masinja, a wani ɗan ofis a Ruwais, hawa ɗaya, a saman wani kantin magani. Kamfanin yana da jiragen ruwa biyu masu dakon raguna daga Sawakin ta Sudan zuwa nan Jidda. Suna da sunaye masu daɗi a rubuce a jikinsu, amma mu Babba da Ƙarama muke ce musu. Mu uku ne a ofis: Mudir, wato manaja, wanda shi ne kafilina, mai tsaya mini a kan izinin zama, aikinsa ba da umarni, Akawu, wani Ba'indiye siriri, aikinsa karanta Turanci, sai ni mai sauran duka, shara, shayi, aike da amsa laifi. Ni na roƙa wa Usmanu aiki a Ƙarama. Ku riƙe wannan. Ya zo daga Sudan da takardarsa ta ma'aikatan jirgi, yana zaune a ɗakinmu na Waziriyya yana cinye mana tuwo, Amna ta dame ni, na durƙusa wa Mudir har sau uku, aka ɗauke shi mai ba raguna ruwa da ciyawa. Duk kwana goma sha wani abu yakan shigo gida da busasshiyar kuɓewa da soɓorodo daga can, warinsa ya riga shi sallama. Ni ban taɓa bin jirgi ya bar tasha ba, ruwan da ya fi kogin Haɗeja faɗi ba na yarda da shi, shi ya sa ya sa mini suna Kaftin.

"Kaftin! Yau teku nawa ka share da tsintsiya?"

"Angon raguna, tsaya daga nan. Amna, kawo turaren wuta, surukinmu ya iso da dangin amarya a jikinsa."

"Yaya, wallahi da kin yi haƙuri da na samo miki miji mai iya iyo."

Amna takan ce mu biyun duk Allah ya shirye mu, tana dariya tana zuba masa abinci a kwanon da ya fi nawa girma. Ta goya shi a bayanta a garinsu bayan rasuwar uwarsu. Ba ƙane kaɗai ba ne a wurinta, ɗan fari ne.

Yanzu sai in gabatar muku da Gwaggo. Na'ura ce, girmanta bai wuce akwatin rediyo ba, da ɗan gilashi a gaba, da baki siriri inda takarda take fitowa. Akawu ya taɓa yi mini bayaninta ranar da yake cikin nishaɗi. Ya ce akwai masu zama a tudu suna tara labarin teku: iska mai ƙarfi za ta taso a wuri kaza, fitilar da ke kan dutsen ruwa kaza ta mutu, wani abu ya ɓalle yana yawo a ruwa, sojoji za su yi harbin gwaji, mutum ya faɗa ruwa a duba. Sai su harba labarin sama wurin tauraron ɗan'adam, shi kuma ya yayyafa shi a kan teku gaba ɗaya, duk jirgin da ke da irin wannan na'ura sai ta tofo masa a takarda. Na ce ashe mai shela ne, ya hau sama don kada a ce ba a ji ba. Na sa mata Gwaggo saboda wuni take tana mita, ƙirit-ƙirit, babu mai kula ta. Amma tana da murya ta biyu. Idan maganar babba ce takan tsala ihu, ba ta yin shiru sai an danna mata wani maɓalli. Akawu ya nuna mini maɓallin.

"Yusuf, idan ta yi wannan kukan, ka danna nan, ka yage takardar, ka kawo mini ko ina banɗaki."

Mai hankali a cikinku zai tambaya: me na'urar jirgi take yi a ofis, a saman kantin magani? Madalla da wannan tambaya. Doka ta ce kowane jirgi ya kasance da tasa. Mudir ya duba ya ga jiragensa biyu ba sa taɓa tsayawa gaban masu bincike rana ɗaya, ya ga ashe sayen biyu almubazzaranci ne. Gwaggo ɗaya ce, mazanta biyu. Wanda za a bincika, shi ke da ita. Yadda suke yi da lambobinta ban sani ba, akwai mai gyaran lantarki da ake kira, ni dai nawa ɗauka ne a cikin kwalin lemo. Idan tana tsakanin gida biyu sai ta sauka a ofis, a haɗa ta da wani abu kamar kifaffiyar ƙwarya da aka kafa a kan rufi, ta ci gaba da ba wa teburi da kujeru labarin iska.

Takardunta kuwa tuli suke yi. Akawu ya duba da ido ɗaya ya jefa kwando, ni in kwashe, sai na ce bari in kai gida, don Amna tana suyar ƙosai a ƙofar gida da safe, takardar naɗi tana mata wuya. Ranar farko ta naɗe ƙosai mai zafi a ciki, kafin mai saye ya juya takardar ta yi baƙi ƙirin, inda mai ya taɓa kuma rubutun ya gudu. Ta ɗaga ta da yatsa biyu.

"Abu Habibu, wannan takarda ba ta da amana. Daga jin zafi ta manta abin da aka faɗa mata. Kada ka ƙara kawo mini."

Na yi dariya na ce ai halin dangin wasu ne. Ku riƙe wannan ma. An gaya mini, da Hausa, a ƙofar gidana, ina tsaye.

A shekarar da nake ba ku labari, ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla, lokacin da rago yake zama sarki a garin nan, aka ce za a bincika Babba, wadda ke tsaye a tasha. Ƙarama kuwa tana shirin tashi ɗauko ragunan layya. Mudir ya tura ni da kwali in ɗauko Gwaggo daga Ƙarama. Rayyis, wato shugaban Ƙarama, wani dattijo ɗan Sudan mai furfura a gira, ya tsaya a ƙofar ɗakin tuƙi ya ce ba a fita da ita, wannan wata ne na iskar arewa, kuma zai dawo da kaya har wuya. Mudir ya zo da kansa, suka yi ta yi da Larabci. A ƙarshe Mudir ya dafa ƙirji ya ce na'urar za ta kasance a kunne a ofis har ranar bincike, Akawu zai karanta duk abin da ta fitar, in akwai magana za a kira jirgi ta rediyon tasha nan take. Rayyis ya kalle ni, ni mai kwali, kamar ni ne zan ce wani abu. Na kalli takalmina. Usmanu ne ya kama mini kwalin muka sauko matakala.

"A hankali, Kaftin, kada ka faɗa ruwa a ce jirgi ya yi asarar shugaba."

"Kai dai ka gaida amaren."

"In Gwaggo ta yi maganata, ka ce mata ina lafiya. Ka ce wa Yaya ta ajiye mini ƙafar rago, ranar Salla ina nan."

Da hannunsa ya sa kwalin a bayan mota. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma a kan ƙafar rago ce.

Kwana biyu da tashinsu Akawu ya tafi ƙasarsu aurar da 'yarsa. Hutun an daɗe da sa masa rana, Mudir ya sani sarai lokacin da yake dafa ƙirji. Ya ce ba komai, shi zai riƙa dubawa. Kwana biyu bayan haka shi ma ya tafi Makka wurin dillalan raguna. Kafin ya fita ya sa wa wayar ofis ɗan kwado, kamar yadda ya saba, ya ce in riƙa kwana a ofis kada in yi ta zirga-zirga. Iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare wata biyu, tana cikin aljihun teburinsa tana jiran ya sami sukuni, ga shi gab da Hajji kame ya yi zafi, ana tare motoci a kowace mahaɗa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna Gwaggo da makullin mota.

"Ya Yusuf, takardar nan ba mai ganinta a waje. Wanda ya gan ta ya san na'urar ba ta cikin jirgi. In aka rufe ni, kai jirgin sama za ka hau, matarka da 'ya'yanka su bi ka ko kada su bi ka. Fahamt?"

Na ce fahamt. A duniya ba abin da na iya kamar fahimta.

Ranar Alhamis da hantsi ina goge gilashin taga Gwaggo ta tsala ihu. Shekara huɗu ina ɗaukarta, sau biyu kawai na taɓa jin wannan murya. Na danna maɓallin, na yage takardar. Ba ta kai tsawon tafin hannu biyu ba. Na zauna a kujerar Akawu, na sa tabaransa da ya bari ko zai taimaka, na bi haruffan ɗaya bayan ɗaya. Duk na san su, kowanne na gaishe shi da sunansa, amma da suka haɗu ba su ce mini komai ba. Akwai lambobi da yawa. A lissafina a ranar Ƙarama ta gama lodi, ko ta taso ko tana shirin tasowa. Na sauka na je kabinar waya a bakin titi na kira Mudir sau biyar, wayarsa a kashe. Lokacin wayar hannu ba ta zama ta kowa ba, ban san lambar kowa ba sai tasa.

A dawowa na tsaya a ƙofar kantin magani. Mai kantin wani Bamisire ne mai tumbi da fara'a, Daktor muke ce masa. Kullum sai ya ce mini ya Hajj Yusuf, ya ba ni maganin ciwon kai kyauta, ni in sauko masa da shayi. Turanci a bakinsa kamar ruwa, duk kwalayen kantinsa da shi aka rubuta su. Yana zaune shi kaɗai yana cin gyaɗa. Takardar tana hannuna, a dunƙule.

"Ya Hajj Yusuf, lafiya? Fuskarka ta canza. Kai ne ko ciki?"

"Kai ne, Daktor."

Ya ba ni ƙwaya biyu. Na yi godiya na hau sama.

A nan nake so ku tsaya, ku da aka haifa a nan kuka tashi da katinku a aljihu. Mu da muka zo Umra muka maƙale, kafin mu sami kafili mun yi shekaru muna koyon abu ɗaya: ba a nuna wa bare takarda. Ko ta asibiti ce, ko ta haya, ko wadda ka tsinta a ƙasa. Takarda ita ke kama mutum a garin nan, ba ɗan sanda ba. Idan aka ba ka wadda ba ka gane ba, ka ninke ta, ka kai wa namu. Namu a lokacin shi ne Ticha, wani mutumin Zariya da ya koyar a makaranta a gida kafin ya zo nan ya koma sayar da hula da carbi. Duk takardar Turanci ta Hausawan kudancin Jidda ta bi ta hannunsa, kuma bai taɓa fitar da sirrin kowa ba. Daktor mutumin kirki ne, amma ban san da wa yake shan shayin dare ba. Haka na gaya wa kaina. Ticha yana Madain Fahd, ni ina Ruwais, tsakaninmu gari guda da shingayen kame. Na ce bari Mudir ya kunna waya. Na koma kabina bayan azahar, na koma bayan la'asar, na koma bayan magariba. Wunin Alhamis ke nan, na kashe shi da hannuna, ina hawa ina sauka ta gaban ƙofar Daktor.

Ranar Juma'a da sassafe na yanke shawara irin ta jarumai, wato wadda aka makara. Na yi wanka, na sa farar riga, na shafa turare mai maiƙo a kai da gemu kamar yadda na saba kowace Juma'a. Sai na tsaya neman inda zan sa takardar. Aljihu ba ya yiwuwa, in an tare ka nan ake fara lalubawa. Ubana a Gumel duk abin da yake da daraja a hula yake sa shi, takardar haraji, kuɗin cefane, laya. Ni ma haka na tashi. Na ninke ta biyu, na shimfiɗa ta a cikin hula, na kifa a kai, na danna. Akwai biro a aljihuna, akwai farar takarda tuli a teburin Akawu. Mutumin da ya san haruffa da sunayensu zai iya kwafe su ko bai san me suke cewa ba. Wannan dabara ta zo mini daga baya, bayan kamar shekara biyu, ina cikin alwala.

Ban hau mota ba. Na bi lunguna, ta bayan tsohon gari, ta cikin unguwannin da motar kame ba ta iya shiga, in na hango taro in kauce. Ranar Jidda kun san ta, ba ta duba wata, ga gumin teku da ke manne wa mutum riga. Zufa tana gangaro mini ta bayan kunne, ni kuwa ina ƙara danna hula don kada amana ta faɗi. Na yi Juma'a a wani masallaci a hanya, na yi sujada hannuna ɗaya yana kan hula. Na isa ɗakin Ticha gab da la'asar, ƙafata ta kumbura. Na tarar da shi yana jera carbi.

"Malam Isuhu, daga ina haka kamar wanda aka koro?"

"Ticha, karanta mini. Ta jirgin su Usmanu ce."

Na cire hula. Takardar ta manne da gashina, sai da na ɓamɓaro ta. Ta jiƙe sharkaf da zufa da man turare, ta yi ruwan toka, gefe ɗaya ya yi baƙi. Ticha ya buɗe ta a hankali, ya kai ta bakin ƙofa wurin haske, ya juya ta, ya sake juyawa.

"Ina rubutun?"

"Yana ciki."

"Malam Isuhu, babu komai a nan. Ƙamshi kawai."

Ya ce in tuna ko kalma ɗaya. Na tuna akwai haruffa manya, akwai lambobi. Ya ce yaushe ta fito. Na ce jiya da hantsi. Ya ce babu mai Turanci kusa da ofis ɗin? Na ce akwai. Bai ƙara tambayata ba, ya ba ni ruwa. Shi da ya karanta mana takardu shekara da shekaru, shi ya ce da ni a hankali, "Irin wannan ai ko ɗan sanda ne ka miƙa masa."

Ƙarama ba ta iso ranar Asabar ba, ba ta iso Lahadi ba. Ranar Salla Amna ta ajiye ƙafar rago a cikin kwano ta rufe. Kashegari labari ya zo cewa masunta sun tsamo mutum uku a kan wani katako, da matattun raguna suna yawo a ruwa. Rayyis ba ya cikin ukun, Usmanu ba ya ciki. Ɗaya daga cikinsu na gan shi daga baya. Ya ce da asubahin Asabar ne, iska ta taso, kuma sun bugi wani abu a ruwa, ƙarfe ne ko mene ne bai gani ba. Ya ce jirgin ya kwanta gefe ɗaya, ragunan suka zube wuri guda, Usmanu yana ƙasa wurinsu yana ƙoƙarin buɗe shinge. Asubahin Asabar. Daga hantsin Alhamis zuwa lokacin, ku lissafa da kanku, kun fi ni makaranta.

Ranar da labari ya zo Mudir ya dawo daga Makka. Bai zauna ba, bai sha shayi ba. Ya cire wayoyin Gwaggo da hannunsa, ya sa ta a kwalin lemo, ya sauka da ita. Karo na farko da wani ya ɗauke ta ba ni ba, kuma ban sake ganinta ba. Da Akawu ya dawo na ja shi gefe na gaya masa. Na ce in maganar babba ce me ya sa ba ta sake faɗa ba, ai na kwana biyu ina jiranta. Ya ce masu shelar suna maimaitawa, amma na'urar in ta karɓi saƙo sau ɗaya ba ta sake buga shi, tana ɗauka an karanta. Na ce to me ta ce? Ya ce zai iya zama iskar, zai iya zama abin da suka buga, zai iya kuma zama wani jirgi ne can wajen Yaman da bai shafe mu ba, don shelar ta teku ce gaba ɗaya. Ya ce in ɗauka na ukun ne in huta. Shekara ashirin da wani abu ina ƙoƙarin ɗauka. Mudir ya sabunta mini iƙama a cikin sati ɗaya, ya miƙo mini da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Na karɓa. Da ita aka yi muku taku. Wata uku bayan haka na nemi canjin kafili, ya sa hannu bai tambayi dalili ba, na koma gadin wani sito. Ciwon bayan ke nan.

Ummarku na gaya mata bayan sadakar arba'in. Na zaɓi lokacin da kuke makarantar allo, Zainabu tana barci. Na faɗi duka, har turaren. Na ɗauka za ta yi kuka, ko ta jefe ni da abin da ke hannunta, na ma shirya kaina. Ta karɓi takardar ta duba gaba da baya, ta shinshina.

"Ba na gaya maka ba ta da amana ba?"

"Kin gaya mini."

"Kai ni wurin."

Kashegari muka hau mota zuwa Ruwais. Ta hau har ƙofar ofis, ta juya, ta fara saukowa tana ƙirgawa a fili, kowace matakala, kowane taku, har ta tsaya a gaban teburin Daktor. Shi kuwa ya miƙe da fara'arsa yana cewa ahlan, matar Hajj Yusuf ce, me za a ba ta. Ba ta kalle shi ba. Ni ta kalla.

"Ashirin da uku," ta ce.

Muka koma gida. Ta ce yara ba za su ji wannan ba tana raye, ba don ni ba, don kada ku tashi kuna kallon ubanku yadda take kallonsa. Ta riƙe takardar. Daga ranar ba ta rage mini komai ba, abincina a kan lokaci, rigata a wanke, da na kwanta asibiti ita ta kwana a kujera. Abu ɗaya ta ɗauke. Kun sha tambaya me ya sa Umma ba ta dariyar barkwancin Baba alhali kowa yana yi, nakan ce ai ta riga ta ji su duka. Da tana yi. Da har sai ta riƙe ciki. Na yi shekara ashirin ina ƙirƙiro sababbi saboda mutum ɗaya, ku kuka yi ta cin riba.

Zainabu, ke kika same ta. Da kuke raba kayan Ummarku kika buɗe gwangwanin da take ajiye 'yan kunnenta da katin asibiti, kika ɗago wata 'yar takarda mai ruwan toka a naɗe cikin leda, kika ce, "Baba, esh hada, mene ne wannan? A zubar?" Na ce ki kawo. Na ce na ji an ce wayoyin yanzu suna karanta rubutu ko ya dushe, har su fassara. Kika yi dariya kika kalli Habibu, Shugaban Takardu ya motsa. Amma kin yi mini, Allah ya yi miki albarka. Kin shimfiɗa ta a kan tire, kin kunna fitilar waya, kin ɗauka, kin ƙara haske, kin rage, kin ja hoton da yatsa biyu har ya cika gilashin.

"Mafi shai, Baba, babu komai. Ta ce ba rubutu."

Na ce ki sake gwadawa.